Tururin wayar salula da lafiyar jiki: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi a Zamfara

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, kuma tun daga lokacin zancen illarta ga lafiya bai taɓa mutuwa ba. Yakan lafa na ɗan lokaci, sai wani saƙon murya ya zagaya WhatsApp ya sake tayar da shi. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Gusau, saboda haka tambayoyin nan sukan iske ni a aji, da ɗakin malamai, da majalisar bayan Magariba. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da masana suka gano cikin shekara talatin da suka shafe suna bin diddigin lamarin.

Wane abu ne yake fita daga waya da ake kira tururi?

Igiyoyin rediyo ne, dangin waɗanda suke kawo wa akwatin rediyo labaran safe da na yamma tun zamanin kakanninmu. Bambancin shi ne akwatin rediyo karɓa kawai yake yi, ita kuwa waya tana karɓa tana kuma aikawa, domin sai ta kai muryar mai magana zuwa ƙarfen sabis kafin wanda ke Legas ko Makka ya ji. Kalmar tururi ta taimaka wajen rikita mutane, saboda da ita ake kiran abin da ke fitowa daga makamin nukiliya da na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, alhali kuwa jinsinsu daban ne. Akwai tururi mai ƙarfin da zai iya tsinka sinadaran gado da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, abin da kan zama mafarin kansa, kuma saboda irinsa ne ma'aikacin ɗakin hoto yake laɓewa bayan bango kafin ya danna na'ura. Akwai kuma wanda bai kama ƙafar wannan ƙarfi ba, kuma a cikinsa rediyo da talabijin da waya suke.

Abin da ke raba su shi ne mita, wato yawan kaɗawar igiya a cikin daƙiƙa ɗaya. Layukan GSM suna aiki a kan megahaz 900 da 1,800 (megahaz ɗaya shi ne kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa), shi kuwa 5G na Najeriya a wajen megahaz 3,500. Hasken ƙwan fitilar da ke ɗakinka mitarsa ta ninka waɗannan fiye da sau dubu ɗari. Tasiri ɗaya da aka tabbatar igiyoyin rediyo suna yi wa jiki shi ne ɗumama nama idan ƙarfinsu ya yi yawa, wayar GSM kuwa ba ta wuce wat 2 ko a ƙololuwar ƙarfinta, ta 4G kuma ba ta kai ko rabin wat ba.

To me ya sa kunne yake zafi idan aka daɗe ana magana?

Wata gwaggota da ke Tsafe ce ta fara tsare ni da wannan tambaya, bayan ta shafe kusan awa guda tana hira da 'yarta da ke aure a Kano. Ta kama hannuna ta ɗora a kunnenta, ta ce, "Ɗan nan, taɓa ka ji. In ba ƙona ni take yi ba, wannan mene ne?" Na ce, "Gwaggo, a ba ni wayar tukuna." Na kashe ta gaba ɗaya, na bari ta huce, sannan na roƙe ta ta manna ta a ɗaya kunnen muna ci gaba da hira. Kafin minti goma sha biyar wannan kunnen ma ya yi ɗumi har da gumi, ga shi kuma wayar a mace take. Dalili shi ne duk abin da aka manna wa fata yana hana iska ratsawa, sai zafin jikin mutum ya taru a wurin. Idan wayar tana kunne, batir da kayan cikinta suna ƙara nasu zafin. Abin da igiyoyin rediyo suke ƙarawa a saman ƙwaƙwalwa wajen kashi ɗaya cikin goma ne na digiri ɗaya, wanda tafiya daga gida zuwa masallaci a ranar Afrilu ta fi shi nesa ba kusa ba.

Ba Hukumar Lafiya ta Duniya ce da kanta ta ce waya tana kawo kansa ba?

Ba haka ta ce ba, amma ruwa ba ya tsami banza, maganar tana da tushe. A ƙarshen watan Mayun 2011 cibiyar binciken kansa ta hukumar, wato IARC mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta tara masana 31 daga ƙasashe 14, suka sanya igiyoyin rediyo a rukunin da ake kira 2B. Ma'anar wannan rukuni ita ce an ga 'yar alama a wasu bincike, amma ba ta kai hujja ba, domin ba a iya kore yiwuwar cewa dace ne ko kuskuren hanyar bincike ya haifar da ita ba. Wajibi ne a fahimci cewa rukunan IARC ƙarfin hujja suke aunawa, ba girman haɗari ba. A rukuni na 1, inda hujja ta tabbata, akwai taba sigari, da barasa, da hasken rana, da gubar afalatoksin wadda ke samuwa a gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi. A rukunin 2B kuwa, tare da igiyoyin rediyo, akwai ruwan cikakken ganyen alobera, da sinadarin zaƙi na asfatam da ake sa wa lemon kwalba marar sukari, wanda aka shigar a 2023. Nakan ce wa 'yan'uwana manoma na Ƙaura Namoda da Talata Mafara, wanda ya ɗura gyaɗa a buhu ba ta gama bushewa ba yana ajiye da abin rukuni na 1 a ɗakinsa, alhali hankalinsa yana kan na rukunin 2B da ke aljihunsa. Kwamitin da ke ba IARC shawara ya nemi a 2019 da kuma 2024 a sake duba matsayin igiyoyin rediyo, saboda an samu sababbin bincike masu yawa bayan 2011.

Waɗanne bincike aka yi a kan mutane, kuma me suka nuna?

Hanya biyu aka bi. Ta farko ita ce a samo waɗanda suka riga suka kamu da ƙari a ƙwaƙwalwa, a samo masu lafiya sa'anninsu, a tambayi kowa yadda ya yi amfani da waya a shekarun baya. Mafi girma a wannan jinsi shi ne Interphone, wanda aka yi a ƙasashe 13 aka fitar da sakamakonsa a 2010, kuma ya ƙunshi mutum fiye da 2,700 masu kansar ƙwaƙwalwa da ake kira giliyoma. Sakamakon ya zo da abin ɗaure kai. A jimlace, masu amfani da waya sun fito kamar sun fi marasa amfani da ita tsira da kusan kashi 20 cikin ɗari, abin da babu masanin da ya yarda da shi, domin babu dalilin da zai sa waya ta zama rigakafi. Amma a cikin kashi goma cikin ɗari da suka fi kowa yawan kira, wato waɗanda suka tara awa 1,640 zuwa sama, kimanin rabin awa kullum na tsawon shekara goma, an ga ƙarin haɗari na kashi 40 cikin ɗari. Wannan adadi, tare da binciken ƙungiyar Lennart Hardell a Suwidin, shi ne ginshiƙin hukuncin 2011.

Raunin wannan hanya ba ya ɓuya ga duk wanda ya taɓa jinya. Mutumin da aka yi wa aiki a gefen dama na kansa, wanda ya daɗe yana tambayar kansa abin da ya jawo masa wannan, idan aka ce ya tuna minti nawa yake yi a waya shekara goma da suka wuce da kunnen da yake sa ta, zuciyarsa za ta karkata ga yawaitawa da kuma gefen dama, ba don yana ƙarya ba. Wasu daga cikin marasa lafiyar Interphone sun ce suna yin fiye da awa 12 kullum a waya. Su kansu masu binciken sun rubuta cewa irin waɗannan kurakurai sun hana a ce waya ce sanadi.

Hanya ta biyu ta fi tsada da cin lokaci, amma ta kauce wa wannan rami: a rubuta yadda mutane suke amfani da waya tun suna lafiya, sannan a bi su shekara da shekaru a ga wa zai kamu. A Denmak an bi masu layin waya fiye da 350,000, a Birtaniya an bi mata kusan 776,000 na tsawon shekara 14 aka fitar da sakamako a 2022, sannan binciken COSMOS, mai mutum fiye da 250,000 a ƙasashen Turai biyar, wanda ya duba har da bayanan kira na kamfanoni ga wani ɓangare na mutanen, ya fito a 2024. Duka ukun ba su ga ƙarin kansar ƙwaƙwalwa ga masu yawan kira ba. A watan Satumban 2024 kuma aka wallafa bitar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, ƙarƙashin jagorancin hukumar kula da tururi ta Ostareliya, wadda ta tace bincike 63 na tsakanin 1994 da 2022, ba ta kuma sami alaƙa ba ko ga waɗanda suka haura shekara goma suna amfani da waya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce mafi sauƙi. A Amurka, da Ostareliya, da ƙasashen arewacin Turai, inda ake rubuta kowane mai kansa a rajista, waya ta tashi daga hannun 'yan tsiraru zuwa aljihun kusan kowa, amma yawan masu kansar ƙwaƙwalwa, idan aka yi la'akari da shekarun mutane, bai yi tashin da ya dace da hakan ba. Taba sigari tana ninka haɗarin kansar huhu sau 15 zuwa 30, kuma sawunta ya fito ɓaro-ɓaro a irin waɗannan rajistoci.

An ce an gwada a kan ɓeraye sun kamu da kansa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan shi ne sashen da bai kamata a share ba. Shirin nazarin guba na gwamnatin Amurka, NTP, ya kashe dala miliyan 30 a kan gwajin da ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a watan Nuwamban 2018. An sa ɓeraye iri biyu, nau'in manya da nau'in ƙanana, cikin ɗakunan da igiyoyin 2G da 3G suke dukan jikinsu gaba ɗaya, kimanin awa tara kullum har shekara biyu, da ƙarfin da ya fara daga iyakar da aka yarje wa waya a gefen kai, ya kai ninki huɗu nata. An sami wani nau'in ƙari a zuciyar manyan ɓeraye maza, amma ba a sami hujja bayyananniya a matansu ko a ƙananan ɓerayen ba, sannan abin mamaki, mazan da aka yi wa gwajin sun fi waɗanda ba a yi wa ba tsawon rai. Cibiyar Ramazzini ta Italiya ta ba da rahoton irin wannan ƙari a shekarar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba za a ɗora sakamakon a kan mutane ba, amma wata bita da aka wallafa a 2025 cikin jerin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi ta ɗauki hujjar ɓeraye mazan da muhimmanci, wasu masana kuma suka soki hanyar da ta bi. A ganina wannan ya isa dalilin a ci gaba da bincike, bai isa dalilin a ce abin da ya sami ɓera a ɗakin gwaji ya sami mai kira na minti ashirin ba, tunda an duba mutanen da kansu.

Za a kafa ƙarfen sabis a unguwarmu. Mu yarda ko mu ƙi?

Eriyar da ke saman ƙarfe tana harba igiyoyinta ne zuwa nesa, kamar yadda fitilar mota take haska hanya ba ta haska ƙarƙashin motar, saboda haka gidan da ke gindin ƙarfe ba shi ne yake samun kaso mafi yawa ba. Ƙarfin igiyar kuma yana faɗuwa da sauri, domin duk lokacin da nisa ya ninka biyu yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa awon da aka yi a kusa da irin waɗannan turaku ya nuna tsakanin kashi 0.002 da kashi 2 cikin ɗari na iyakar da aka amince da ita.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, wanda kuma ya shafi Zamfara ƙwarai. Waya tana daidaita ƙarfinta ne da nisan ƙarfe, kamar mutumin da yake magana a hankali da na kusa da shi, amma sai ya ɗaga murya idan zai kira wanda ke ƙarshen gona. Idan sandunan sabis sun cika, waya takan rage abin da take fitarwa da ɗaruruwan ninki. Mutumin ƙauye a yankin Ɗansadau ko Bukkuyum da yake hawa tudu ko reshen bishiya, ya ɗaga waya sama yana juyi har sanda ɗaya ta bayyana, sannan ya manna ta a kunne ya tsaya cak kada ta gudu, wayarsa tana aiki ne da iyakar ƙarfinta, kuma abin da yake shiga kansa ya fi na mazaunin Tudun Wada a Gusau da yake hango ƙarfe daga tsakar gidansa. Kusancin ƙarfe rage wa mai kira kaso yake yi. Mun kuma ga ɗaya fuskar a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, mutane suka riƙa tafiya jihohin maƙwabta don kira ɗaya tak, mai haƙuri da mai naƙuda kuma ba su da hanyar neman mota da dare.

Ƙorafin maƙwabtan ƙarfe da yake da tushe shi ne ƙarar janareta dare da rana, da hayaƙi, da man dizal da kan malala ya kusanci rijiya, da fargabar faɗuwar ƙarfen a guguwar farkon damina. Ƙa'idojin hukumar kula da muhalli ta NESREA na 2011 sun tanadi tazarar mita 10 tsakanin ƙarfe da gidan zama, na hukumar sadarwa ta NCC kuwa sun ce mita 5, abin da ya jawo saɓani tsakanin hukumomin biyu. A kan waɗannan batutuwa ya kamata mai unguwa da dattawa su tsaya kafin a sa hannu a takarda.

Yara fa?

Ƙoƙon kan yaro bai kai na babba kauri ba, kuma shekarun da zai yi yana amfani da waya sun fi na iyayensa, shi ya sa tun a shekarar 2000 wani kwamitin masana a Birtaniya ya ba da shawarar a taƙaita wa yara kiran da ba na dole ba. Daga baya binciken Mobi-Kids ya duba matasa 899 masu ƙari a ƙwaƙwalwa, 'yan shekara 10 zuwa 24, a ƙasashe 14, bai kuma sami hujjar cewa waya ce sanadi ba. Abin da nake gani da idona a aji shi ne ɗalibin da ya kwana yana kallon bidiyo, ya zo yana gyangyaɗi tun darasin farko.

Ajiye waya a aljihun wando yana rage haihuwa?

A nan sakamakon bincike ya sha bamban, mafi yawan gwaje-gwajen kuma ƙanana ne. Wanda ya fi girma shi ne na Suwizalan da aka wallafa a 2023, wanda ya auna maniyyin samari 2,886 'yan shekara 18 zuwa 22 tsakanin 2005 da 2018. Waɗanda suke taɓa waya fiye da sau 20 a rana yawan ƙwayoyin maniyyinsu ya gaza na masu taɓa ta jefi-jefi da kimanin kashi 21 cikin ɗari, amma a matsakaici bai sauko ƙasa da abin da ake ɗauka lafiyayye ba, kuma ba a ga bambanci tsakanin masu sa ta a aljihun wando da marasa sawa ba. Irin wannan bincike ba ya iya rarrabe tasirin waya da na salon rayuwar mai yawan riƙe ta, kamar yawan zama da ƙarancin barci. Ma'auratan da suka shekara ba a sami rabo ba, abin da ya dace shi ne su je asibiti su biyu a auna kowa, maimakon a ɗora laifin a kan waya, ko a kan matar ita kaɗai kamar yadda aka saba.

Ni kam duk lokacin da na daɗe da waya kaina yana ciwo. Ƙarya nake yi ke nan?

A'a, ciwon na gaske ne. Abin tambaya shi ne sanadinsa. An gwada masu irin wannan ƙorafi ta hanyar sa su kusa da na'urar da wani lokaci take aiki, wani lokaci kuma a kashe take, ba tare da su ko mai gwajin sun san wanne ne ba. Wata bita ta 2010 da ta haɗa gwaji 46 masu mutum 1,175 ta nuna ba sa iya gane lokacin da na'urar take kunne, kuma ciwon yakan zo musu ko da a kashe take muddin sun zaci tana aiki. Tsammanin cuta shi kansa yana haifar da ciwo. Ga kuma ƙura wa ƙaramin rubutu ido, da sunkuyar da wuya, da kaiwa ƙarfe biyun dare ana latsa waya sannan a tashi Asuba. Wanda ciwon kai ya dame shi ya fara da auna hawan jini da duba idonsa.

5G ce ta kawo korona? Kuma akwai lambar da in ta kira mutum yake mutuwa?

Babu ɗaya. An tabbatar da mai korona na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, NCC kuwa ba ta yi gwanjon lasisin 5G ba sai Disamban 2021, aka fara sayar da shi ga jama'a a 2022. Ƙwayar cuta kuma ba ta hawa igiyar rediyo. Jita-jitar lambar kisa ta zagaya ƙasar nan a 2004, ta dawo a 2011 har NCC ta fito ta ƙaryata ta. Abin da ke shigowa waya idan an kira ta saƙo ne da take mayarwa murya, kuma ƙarfinsa ɗaya ne ko wace lamba ce ta kira.

Akwai iyakar da aka sa wa kamfanonin waya? Wa yake dubawa?

Akwai ma'aunin da ake kira SAR, wanda yake nuna yawan ƙarfin da kowane kilo na naman jiki yake sha. A Turai iyakar ita ce wat 2 ga kilo a kai da gangar jiki, wat 4 a hannu da ƙafa, a Amurka kuwa wat 1.6, kuma an ajiye su ne can ƙasa da inda aka ga ɗumama ta fara cutarwa. Wayoyin Android da yawa suna nuna nasu adadin idan aka danna *#07#. Ana kuma dubawa da gaske a wasu ƙasashe: a watan Satumban 2023 hukumar Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 bayan ta auna wat 5.74 inda iyaka take 4, har sai da Apple ya sabunta manhajar wayar. A Najeriya NCC ce take tantance nau'in waya kafin a sayar, sai dai jabun wayoyi suna shigowa ta bayan fage, kuma haɗarinsu na kusa yana ga batir mai kumbura da caja marar inganci. Sitikar da ake tallatawa wai tana tsotse tururi asarar kuɗi ce, kuma idan ta rufe eriya tana iya sa wayar ta ƙara ƙarfi.

Duk binciken nan na Turawa ne, kuma an ce kamfanonin waya ne suke biya. Me zai sa mu yarda?

Tambayar tana kan hanya. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin Interphone ko Mobi-Kids, kuma wani ɓangare na kuɗin Interphone daga masana'antar waya ya fito, ko da yake ya bi ta hannun wata ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya bisa sharaɗin kamfanoni ba za su tsoma baki ba. Wani nazari na 2007 ya nuna gwaje-gwajen da kamfanoni kaɗai suka ɗauki nauyi sun fi ƙarancin ba da rahoton wani tasiri. Saboda haka ne na fi jingina da rajistar masu kansa, wadda asibitoci da gwamnatoci suke cikawa ba tare da tunanin waya ba, da kuma ganin cewa masana na ƙasashe daban-daban masu hanyoyi daban-daban sun isa wuri ɗaya. Wayar da ke hannun Bazamfare kuma ita ce ke hannun Bature, a kan mitoci iri ɗaya.

Mu a jihar nan mun san yadda guba marar ganuwa take bayyana idan da gaske tana nan. A 2010, lokacin da yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da abokan aikinsu sun ɗebi jini suka auna, suka sami dalma mai yawan gaske, suka bi sawunta har zuwa duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka ba yara magani, a wurare irin su Dareta da Bagega, mace-macen suka ragu. An ga cutar, an auna sanadin, an cire shi, an ga sauƙi, duk cikin 'yan shekaru. Irin wannan sawu ne aka shafe shekara talatin ana nema a kan waya a jikin miliyoyin mutane ba a same shi ba, kuma abin da hakan yake nufi shi ne ko da akwai haɗari, ƙanƙantarsa ta kai ya ɓuya wa manyan bincike.

Idan duk da haka ina son in rage, me zan yi?

Nisa shi ne komai, kuma ba ya cin ko kwabo. Sa iyafis ko buɗe sifika yana nisanta waya daga kai, tazarar taki ɗaya kuma tana rage abin da kai yake sha ƙwarai da gaske. A ajiye doguwar hira sai inda sabis yake da kyau, a aika rubutaccen saƙo ko na murya inda zai wadatar, kada kuma a kwana da waya a ƙarƙashin matashin kai tana caji, wannan kuwa saboda zafin batir da gobara ne. Haɗarin waya da babu gardama a kansa yana kan titi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da yake amfani da waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari da kusan ninki huɗu, kuma sa iyafis bai rage wannan sosai ba, domin hankali ne yake rabuwa. Duk wanda ya hau kabu-kabu a Gusau ya taɓa ganin mai babur ya soke waya tsakanin hula da kunne, yana ciniki da wani yana kutsawa tsakanin tireloli. Tsoron tururi a bar wannan, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Akwai mutum ɗaya da likitoci suka ba umarni takamaimai, shi ne wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji. Shi ana so ya bar aƙalla santimita 15 tsakanin waya da na'urar, kada ya sa ta a aljihun gaban riga da ke saitinta, kuma idan zai amsa kira ya kai ta kunnen da ke ɗaya gefen.